Yadda Za a Farfaɗo da Injin Babbar Mota da Ya Gaji da Kuɗi Kaɗan

Injin dizal na babbar mota, idan ya samu kulawa, yana iya cinye kilomita miliyan 1 kafin ya nemi garambawul, na ƙananan motocin ɗaukar kaya kuwa yakan gaji tun kafin nan da nisa. Ko ba daɗe ko ba jima dai ranar tana zuwa: motar da take hawa tudu da lodi ba tare da an sauko da giya ba sai ta koma nishi, baƙin mai ya riƙa raguwa tsakanin juye da juye, tashi da safe ya zama sai an yi ta kik, hayaƙi kuma ya canza launi. A wannan gaɓa mai mota yana da hanyoyi uku, wato ya yi wa injinsa garambawul, ko ya ɗora inji na hannu, ko ya sayi wanda kamfani ya sabunta. Wanda aljihunsa ba shi da nauyi shi ya fi kowa buƙatar sanin ainihin abin da ya lalace kafin ya zaɓa, domin kuɗinsa ba za su isa a yi aikin sau biyu ba, saboda haka kuɗin farko da zai fitar na awo ne, kafin a kwance noti ko ɗaya.

Yawan kilomita a kan mita ba hujja ba ce cewa inji ya ƙare, kuma da yawa daga cikin alamomin da ke tsorata mai mota suna da dalilai masu sauƙin gyara. Baƙin hayaƙi yana nufin dizal ya fi iskar da ke shiga yawa, kuma sau da yawa laifin na filtar iska ce da ta toshe, ko tiyon intakula (na'urar sanyaya iskar da ke shiga inji) da ya tsage, ko nozul (bakin da ke fesa dizal cikin silinda) da ya daina feshi ya koma ɗiga. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa, amma ba lallai ta gefen ringi (zoben ƙarfe da ke jikin fistin) yake bi ba, domin tobo (na'urar da ke tura iska cikin inji) da ya saki yana zuba mai a hanyar iska, haka nan sil ɗin bawul idan ya bushe yakan bar mai ya gangara cikin silinda da dare, shi ya sa irin wannan hayaƙin yake fitowa da safe ya ɗauke bayan 'yan mintoci. Farin hayaƙi mai ƙaurin ɗanyen dizal yana nuna man bai ƙone ba. Wanda kuwa ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, wannan ruwa ne yake shiga silinda, ko ta gasket (shimfiɗar da ke toshe tsakanin gangar inji da kan silinda) ko ta tsagewar kan silinda, wanda makanikai ke kira tof. An sha sauke inji gaba ɗaya a kan laifin da tobo kaɗai ya aikata, a mayar da shi da sababbin ringi, hayaƙin kuma yana nan yadda yake. Duba tobo ba ya ɗaukar lokaci: a kashe inji, a cire tiyon da ke bakinsa, a kama tsakiyar fankar da yatsu a girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma idan tana shiga ciki tana fitowa, ko fukafukanta suna gogar jikin gidan, to tobo ya gama aiki.

Gwaji na gaba shi ma kyauta ne. A kunna inji ya ɗauki zafinsa na aiki, a bar shi a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, sannan a kwance murfin da ake zuba baƙin mai a kife shi a bakin ramin ba tare da an ɗaure ba. Idan ya zauna yana ɗan rawa saboda kaɗawar inji, ringi suna riƙe da matsi. Idan kuwa iska ta riƙa ɗaga shi tana ture shi, hayaƙi yana fita daga ramin a bugu-bugu daidai da bugun inji, to iskar ƙonuwa tana wucewa ta gefen fistin zuwa ƙasa, kuma wannan shi ne ainihin gajiyar ringi da silinda.

Daga nan sai awon matsi, wanda shi ne zai raba gardama. Ana cire nozul ko hita (filogin da ke ɗumama silinda kafin tashi), a ɗaura ma'auni a gurbinsa, a toshe hanyar dizal, a yi kik da batir mai cikakken caji, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Injin dizal mai lafiya yakan ba da tsakanin psi 300 zuwa 500 (psi ma'aunin matsi ne), gwargwadon ƙirarsa, kuma littafin kamfanin da ya ƙera shi ne ke faɗin ainihin adadin, amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne daidaito, domin bai kamata silinda mafi rauni ta gaza mafi ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Silinda biyu da ke maƙwabtaka idan suka faɗi tare, gasket ɗin da ke tsakaninsu ake zargi. Guda ɗaya idan ta faɗi, bawul ne ko ringinta. Idan duk suka yi ƙasa bai ɗaya, tsufa ne ya kama injin baki ɗayansa. A injin fetur akan ɗiga baƙin mai kaɗan a silinda a sake awo don a gane ko ringi ne, amma kada a yi wannan a injin dizal, saboda matsinsa ya isa ya kunna man, kuma gurbin da ke saman fistin ƙanƙane ne, mai kaɗan yana iya lanƙwasa konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, babban ƙarfen da fistin ke juyawa. Hanya mafi aminci ita ce a kai fistin ƙarshen sama a lokacin da bawul duk suke rufe, a hura iska mai ƙarfi cikin silindar, a saurari inda take fita. Idan ta salansa ce, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Idan ta hanyar filtar iska ce, bawul ɗin shigar iska ne. Idan ta ramin baƙin mai ce, ringi ne. Idan kuma ruwan lagireto ya riƙa kumfa, gasket ne ko tof.

Ƙasan inji shi ma yana da nasa awon. Kada a dogara da fitilar mai da ke gaban direba, domin ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. A ɗaura ma'auni na hannu, a karanta bayan inji ya yi zafi sosai, a silo da kuma a gudu, a gwada da abin da littafi ya ce. Matsin da yake da kyau da sanyi amma ya faɗi ƙasa da zafi yana nuna metal, wato ɓawon ƙarfe mai laushi da karanshaf ke juyawa a kansa, ya cinye. Sannan a yanka tsohuwar filtar baƙin mai, a ware takardar da ke ciki a duba ta a rana. Ƙura-ƙurai masu ƙyalli ruwan tagulla daga metal suke, waɗanda maganaɗisu ke kamawa kuwa daga karanshaf ko kamshaf ko jikin silinda suke. A yanka da abin da ba ya fitar da garin ƙarfe, don zarto zai zuba nasa garin ya ɓata shaidar.

Idan awo ya nuna tof ne kaɗai, ko nozul, ko tobo, sai a gyara wannan a ci gaba da aiki, an huta. Idan kuwa ya tabbata injin ya gaji, to kafin a yi maganar kayan gyara sai a zagaya motar a dube ta da idon mai saye: giyabos, aksul, birki, da ko tsatsa ta ci ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai. Babu hikima a zuba kuɗin da suka kusa darajar motar a kan inji alhali giyabos yana jiran nasa lokacin. A kuma saka kwanakin da motar za ta yi a gareji cikin lissafi, domin motar haya da ke tsaye kuɗi take ci, kuma wannan kaɗai yakan sa inji na hannu da za a ɗora cikin kwana biyu ko uku ya fi garambawul na makonni sauƙi.

Garambawul ya fi dacewa da injin da ya gaji a hankali amma bai buga ba, wato karanshaf ɗinsa lafiya lau, bulok (gangar injin) bai tsage ba. A nan ƙirar injin ce ke yanke yawan kuɗin. Manyan injuna irin su Cummins N14, Caterpillar 3406 da Detroit Series 60 suna da silif da ake zarewa, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinsa, wanda ruwan sanyaya inji ke zagaye shi kai tsaye, saboda haka ana iya cire tof da kwanon baƙin mai, a zare fistin da silif, a saka sababbi tare da ringi da metal da gasket, duk injin yana zaune a kan motar. Wannan ita ce hanya mafi araha ta dawo da matsi, domin an tsallake kuɗin sauke inji da na ɗora shi. Wasu injunan kuwa, kamar Cummins 6BT mai lita 5.9, silindarsu a jikin bulok aka huda ta, don haka idan ta cinye dole a sauke injin a kai wa masu injin wasa ƙarfe su faɗaɗa ramin, a sayi fistin mai ƙarin girma, yawanci na milimita 0.50 ko 1.00. Karanshaf ma haka yake: idan ya yi zane ko ya daina zama da'ira sosai, ana wasa shi a rage milimita 0.25 ko 0.50, a sa metal mai kaurin da ya dace. Kada a sayi fistin ko metal kafin mai wasa ya auna ya faɗi girman da aikin zai tsaya a kai, in ba haka ba a ƙare da kayan da ba za su shiga ba.

Akwai wuraren da za a iya rage kuɗi ba tare da an cutu ba. Konrod, kamshaf, famfon injekta da tof duk ana iya mayar da su idan awo ya nuna suna cikin iyakar da kamfani ya gindaya, kuma tof da aka gwada aka ga bai tsage ba, aka daidaita fuskarsa, aka wasa mazaunin bawul, bai da bambanci da sabo a wurin aiki. Nozul na tsofaffin injuna ana iya gwada feshinsa a canza bakinsa kaɗai. Mai mota da yaran motarsa suna iya ɗaukar aikin wanke-wanke da kwance kayan waje, su rage kuɗin aiki. Kayan gyara na kamfanoni sanannu da ba su ne suka ƙera motar ba sukan yi kyau kuma sun fi sauƙi. Abin da ban yarda a yi rowa a kansa ba shi ne ringi, metal, gasket ɗin tof da famfon baƙin mai, domin kuɗinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da aikin kai wa gare su, kuma na jabu ba ya nuna kansa sai an gama ɗaure komai. Haka nan saka sababbin ringi a tsohuwar silinda da ta riga ta buɗe daga sama gyaran gangar Auzinawa ne, domin ringi madaidaici ba zai zauna a ramin da ya zama ƙwai ba, bayan 'yan watanni shan mai zai dawo.

Wajen haɗawa, tsafta da awo su ne aikin. A wanke duk hanyoyin baƙin mai na bulok da na karanshaf da buroshi, a hure su da iska, domin garin ƙarfen da ya rage daga wasa zai tafi kai tsaye cikin sabon metal. A auna tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf da zaren roba na awo da ake matsewa a tsakaninsu, a saka kowane ringi shi kaɗai cikin silindarsa a auna tazarar bakinsa, sannan wajen ɗorawa a karkasa bakunan kada su yi layi ɗaya. A injin mai silif, a auna yadda bakin kowane silif ya ɗara fuskar bulok, tazarar da ba ta fi kaurin takarda ba amma ita ke sa gasket ya kama; idan aka yi sakaci da ita gasket zai ƙone komai kyawunsa. Kusoshin tof ana ɗaure su da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki yadda littafi ya tsara, kuma a injunan da kusoshinsu ke miƙewa wajen ɗauri sababbi ake sakawa. Makanikin da ya ce hannunsa ya san ƙarfin ɗauri ba sai da ma'auni ba, a gode masa a nemi wani.

Idan injin ya riga ya buga, konrod ya fasa bulok, ko karanshaf ya ƙone har ya yi shuɗi, ko zafi ya tsaga tof da bulok tare, to kuɗin kayan da za a saya ɗaya bayan ɗaya sukan zarce na inji na hannu, kuma a nan canji ya fi. Haɗarin inji na hannu shi ne ba a san tarihinsa ba, kuma kilomitan da mai sayarwa zai faɗa magana ce kawai. Mafi kyawunsa shi ne wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari tana cikin aiki, musamman idan za a ji ƙararsa kafin a sauke shi. Idan a ƙasa aka same shi, a sa sifana a kan karanshaf a juya shi zagaye biyu cikakku, a ji yana tauri yana sakewa daidai-daidai ba tare da ya cije ba. A buɗe murfin bawul a ga ko mai ya daskare ya zama baƙin laka, a cire kwanon baƙin mai a duba gindinsa, a buɗe metal ɗaya ko biyu a gani da ido, a leƙa ramukan salansa ko akwai wanda ya jiƙe da mai ko ya yi tsatsa. Injin da aka wanke fes aka yi masa sabon fenti ya fi wanda ke da ƙurarsa buƙatar bincike, domin wanki yana goge alamar yoyo. A nemi garanti a rubuce, ko da na wata ɗaya ne, a kuma tabbatar garantin ya fara aiki daga ranar da aka ɗora injin.

Sai batun dacewa, inda mutane da yawa ke asara. Sunan inji ɗaya ba ya nufin ƙira ɗaya, saboda haka a gwada lambar da ke jikin tsohon da ta wanda za a saya, a duba mazaunin inji, gidan filawil da zai haɗu da giyabos, siffar kwanon baƙin mai, da gefen da tobo yake. A injunan zamani masu ƙwaƙwalwa kuwa sai an duba wayoyi da na'urorin da ke aika mata saƙo, kuma a da yawa daga cikinsu kowane nozul yana da lambar da sai an shigar wa ƙwaƙwalwar da kwamfuta. Layin dizal na irin waɗannan injuna yana ɗauke da matsin da yakan haura bar 1,500 (bar shi ma ma'aunin matsi ne), wanda ke iya huda fatar mutum, don haka ba a kwance shi inji na aiki. Kada a rabu da tsohon injin sai sabon ya tashi, domin za a buƙaci ƙananan kaya daga jikinsa, daga baya kuma a sayar da abin da ya rage a rage asara. A ƙasashe da yawa lambar inji tana cikin takardun mota, saboda haka a riƙe rasit a kuma sabunta takardun yadda doka ta tanada. Tun injin yana ƙasa a canza sil ɗin bayan karanshaf, a duba kuloci, a sa sabon famfon ruwa da tamostat, da bel ɗin tayimin idan mai bel ne, domin waɗannan aikin mintoci ne a ƙasa, amma wasunsu sai an sake sauke giyabos idan injin ya hau. Babban inji mai silinda 6 yana haura tan 1, don haka sarƙa da ƙugiyar da za a ɗaga shi da su su fi ƙarfin nauyinsa, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa yana rataye.

Injin da kamfani ya sabunta ya fi duka tsada, amma yana zuwa da garanti mai tsawo, kuma akan rage kuɗi idan aka miƙa tsohon. Ya dace da motar da sauran jikinta ke da ƙarfi kuma tana da aiki tabbatacce da zai biya.

Ko wace hanya aka bi, akwai tambayar da ba a tsallakewa: me ya kashe injin farko? Idan zafi ne, lagireto da ya toshe da fankar da ta daina kamawa suna nan a kan motar suna jiran sabon. Idan ƙura ce ta cinye ringi, a bi hanyar iska daga filta har inji a nemo tiyon da ya tsage ko ɗaurin da ya saki, kuma alamarta ita ce ƙura mai laushi a cikin bututun da ke bayan filta, inda bai kamata a ga komai ba. Idan metal ne ya narke, na'urar sanyaya baƙin mai ta cika da garinsa, kuma canza ta ya fi wanke ta aminci. Idan tobo ne ya fashe, a sauke intakula a wanke man da ya taru a ciki, domin injin dizal yana iya zuƙar wannan man ya riƙa gudu da kansa har ya tarwatse, ko an kashe makulli ba zai tsaya ba. Nozul mai ɗiga yana ƙone saman fistin, yana kuma wanke man da ke jikin silinda. Zuba ruwa zalla a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji mai magani yana sa bayan silif ya riƙa cin ƙananan ramuka har ya huje, ruwa ya gauraya da baƙin mai.

Ranar tashi ta farko, a toshe hanyar dizal a yi kik har ma'auni ya nuna matsin baƙin mai ya hau, sannan a bari injin ya kama. A bar shi ya yi zafi ana duba yoyon mai da na ruwa, ana sauraron duk wata ƙara da ba a saba ji ba, amma kada a bar shi a silo na sa'o'i da sunan lallaɓawa, domin sababbin ringi sai da matsi suke zama, doguwar silo kuwa tana sa jikin silinda ya yi santsi tun ringi ba su kama ba, injin ya fara shan mai tun yana sabo. A fita da motar da matsakaicin lodi, a riƙa sauya gudu, a guji tilasta mata a babbar giya a kan tudu. Bayan kimanin kilomita 1,000 a juye baƙin mai a canza filta, a yanka tsohuwar a duba. 'Yar ƙura mai laushi a wannan juyen ba abin damuwa ba ce, amma ɓarɓashin da ake ji a yatsa yana nufin a buɗe kwanon mai nan take. A lokacin ne kuma za a sake gyara tazarar bawul da sanyi, a bi ɗaurin tiyo ɗaya bayan ɗaya, a rubuta matsin mai da zafin ruwa da aka samu, domin da waɗannan alƙaluma za a riƙa gwada injin a duk juyen da zai biyo baya.